Gidan Gawo Uku

Fitilar sola ce ta haɗa su. Zalihatu, malamar lakwal, wato makarantar boko, da aka maido daga Gecheme zuwa Dogon Dutsi inda iyayenta suke, ta shigo butik ɗin Nafi'u, kantin da ta saye ta, ta dire fitilar bisa tebur, ta ce kwana huɗu da saye ta mutu.

Nafi'u ya juya fitilar, ya dubi mai ita, ya yi maza ya koma kan fitilar.

"Madam, ina kike aje ta da rana?"

"Cikin ɗaki mana. In bar ta waje a ɗauke?"

"To rana za ta bi ta har gado?"

"Da kun faɗi haka ran da kuka sayar mini, da ban sha wannan zafin ba."

Ya ba ta gaskiya, ya kuma nemi lambarta, wai don ya ji ko fitilar ta farfaɗo. Ta farfaɗo a ranar. Shi kuwa ya yi wata takwas yana tambaya.

Nafi'u yana cikin samarin 'yan kasuwan nan masu karatun hadisi bayan la'asar, waɗanda in an ambaci bori gabansu sai su kakkaɓe riga su tashi. Mahaifin Zalihatu kuwa, Malam Rabo, haifaffen Lugu ne, garin da ya yi suna da bori. Salla ba ta wuce shi, amma akwai itatuwan da ba ya bi ta ƙarƙashinsu. Duk da haka ya karɓi gaisuwar yaron hannu biyu, har aka fara zancen sa rana.

A watan huɗu, tsakiyar rani, saƙon Nafi'u ya shigo wayar Zalihatu.

"Zalina, na samo mana gida a unguwar Gawo Uku. Ɗaki uku, famfo a ciki, ga itacen bedi a tsakar gida inda za ki riƙa duba takardun ɗalibanki. Zaidu dillali ya ce Litinin ta sama mu sa hannu gaban mai unguwa. Ki yi addu'a, sheri, abar ƙaunata."

Washegari Nafi'u ya zo da murnarsa ya durƙusa gaban Malam Rabo. Tsohon yana jin sunan unguwar ya aje carbi.

"Gawo Uku? Can hanyar doguwa ce, iskar nan. Kakanninmu ko akuya ba su ɗaurewa can."

"Baba, ku yi haƙuri, babu mai cutarwa sai da ikon Allah."

"Ita ma Allah ya halicce ta. Ka ji ni da kyau. In ka sa hannu ga takardar nan, ka nemi matar da za ka sa ciki. Ba ɗiyata ba."

Abokan karatun Nafi'u suka ƙara wa wutar itace. Suka ce in ya fasa sayen gida don tsoron iska, ya sa ƙafa cikin shirka, kuma duk gari zai sani. Tsoho ya gaji magana bai bincika ba, yaro ya ƙi ta bai bincika ba, kowa yana ganin shi ne mai sani. Kwana huɗu ba wanda ya sassauta. Ranar ta biyar Malam Rabo ya fara yabon wani Is'haƙa a gaban 'yarsa, wato daraktan lakwal ɗin da ke kusa da Gawo Uku, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa ba a amsa masa.

Sunan nan ne ya tuna wa Zalihatu wani abu. A taron malamai ta sha jin ana tsokanar Is'haƙa cewa lakwal ɗinsa ba ya buɗewa kan lokaci bayan babban hutu. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ranar Asabar ta je ta tambaya.

Is'haƙa ya buɗe mata aji biyu. Bangon ya yi baƙi da hayaƙin girki, ga ƙusoshi inda aka rataya gidan sauro.

"Mutanen Gawo Uku ne," in ji shi. "Bara iyali goma sha ɗaya suka yi wata guda a nan. Bara waccan ma haka. Ruwan da ke saukowa daga tudu ta can yake bi." Ya rage murya. "Ni dai gidana a kan tudu yake, Malama."

"Allah ya sa albarka a gidanku, Darakta. Na gode da abin da kuka nuna mini."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta zuwa kasuwa. Wayarta ta yi ƙara, saƙon Nafi'u ne.

"An gan ki wajen Is'haƙa, awa guda. In Baba ya sauya miki miji, ki faɗa mini da bakinki. Ba zan riƙe ki ba."

Ta rubuta masa: "Nafi'una, gobe ƙarfe bakwai na safe ka same ni ƙofar gidan da kake son saya. Kada ka zo da Zaidu. In ba ka zo ba, na ji amsarka."



Bakwai ta yi, bakwai da rabi ta wuce. Zalihatu na tsaye gefen wata mai masa, tana duban hanya. Sai wajen takwas saura ta ji ƙarar moto, babur ɗin Nafi'u. Ya sauko fuska ba annuri.

"Ga ni."

"Sau nawa ka zo duba gidan nan?"

"Uku."

"Me ka duba?"

"Rufi, famfo, takardu. Duk lafiya lau."

"Dubi bangon maƙwabta."

Ya duba. Gida bayan gida, har ƙarshen layi, an yi sabon shafen siminti daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, daga nan sama kuwa tsohon bango ne. Tsayin shafen ɗaya ne ko'ina, kamar an ja da zare.

"Gidanka kaɗai aka shafe har sama, shi ya sa ba ka ga layin ba," in ji ta. "Dubi dokin ƙofarsu. Bulo uku. Wa ke son tsallaka bulo uku da tulu a ka, in ba dole ba?"

Ta kai shi ga wata ƙaya a bakin hanya. Tsummoki da ledoji da busasshiyar ciyawa sun maƙale a rassanta daidai ƙugun Nafi'u, duka sun karkata gefe guda.

Mai masar, wata dattijuwa da ake kira Barira, ta daɗe tana kallon su. Zalihatu ta gaishe ta.

"Inna, shekara nawa kuke unguwar nan?"

"Shida, ɗiyata. Haya muke, in ba haka ba da tuni."

"Yaya damina?"

"Damina lakwal muke yin ta. Ni har na san ajin da ba ya yoyo." Ta juya masa a tanda, ta dubi Nafi'u sama da ƙasa. "Kai ne mai sayen gidan nan na Alhaji? Kai ne na uku. Duk da rani kuke zuwa, da takalmi mai sheƙi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya sayi masa, balle ya tambaye ni."

Nafi'u ya koma inuwar bedin da ya leƙo ta katanga. Zalihatu ta biyo shi.

"Abin da ya kai ni wajen Is'haƙa ke nan. Ajin da mutanen nan ke kwana na je gani."

"Ki yafe mini wannan." Ya shafa gemu. "Amma Zali, in na fasa yanzu, ba mai cewa ruwa ne. Cewa za a yi tsoho ya tsorata ni da doguwa. Da wane ido zan zauna wurin karatu?"

"To ka sa hannu. Ka rasa ni, ka kwana a aji, don kada a ce."

Ya hau moto ya tafi.

Ranar Litinin Zalihatu ta rubuta kwanan wata a allo sau biyu ba daidai ba, har yara suka gyara mata. Goma ta yi, lokacin sa hannu. Sha ɗaya ta yi. Wayar na cikin jaka shiru. Sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi saƙo ya shigo.

"Na fasa, gaban mai unguwa da Zaidu da abokaina biyu. Na kai su sun ga bango. Ɗaya ya yarda, ɗaya ya ce na ji tsoro. Ya daɗe bai ce ba. Bayan la'asar ina zuwa wajen Baba. Ina son ki, Zalina."

Da la'asar tana bayan zana, tana jin su. Malam Rabo ya saurara har ƙarshe.

"To ka yarda da maganata ke nan."

"A'a, Baba. Ku gafarce ni, ba zan yi muku ƙarya don a ba ni mata ba. Alamar ruwa na gani a bango. Doguwa ban gan ta ba, ban kuma yarda tana da iko ba."

Zalihatu ta dafe ƙirji. Carbin tsohon ya daina motsi. 

"Ka fasa sayen?"

"Na fasa."

"To mi ya rage? Riƙe dalilinka, in riƙe nawa. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

An ɗaura aure farkon watan shida. Amarya ta tare a ɗaki biyu na haya, kuma su biyun suka yi alkawari ba za su sake duba gidan saye ba sai watan takwas, washegarin ruwa mai ƙarfi, a ƙafa, su fara da gaida matan unguwa.

Da za a tafi da ita, Malam Rabo ya sa aka kira ango. Ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a nasa.

"Ga ta nan. In ta ce ka duba, ka duba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya zaunar da ku inda za ku yi barci da ido biyu rufe."

"Amin, Baba," in ji Nafi'u.

Daga cikin lulluɓi Zalihatu ta matse yatsunsa, ita ma ta ce amin.