Abin da Umma Ta Tambaye Ni

"Me Umma ta zo yi wajen aikinki?"

Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a bakin laburaren asibitinmu, inda nake nemo wa mutane bayanin cututtuka, in karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

"Ba zan iya faɗa maka ba, Yaya."

"Ni? Ni da zan aure ki?"

"Abin da mutum ya tambaya a ɗakin nan, a nan yake tsayawa."

"Uwata ce fa!"

Na sani. Ita ce kuma ta ce ba ta ga abin so a yarinyar da ke wuni kaɗe ƙurar littattafai ba. Amma ranar da ta shigo, mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta ce wai ƙawarta ce ta ji ƙullutu a nono. Na jawo mata kujera, na buɗe littafi mai hotuna, na yi mata bayani dalla-dalla. Can sai ta daina cewa "ƙawata".

"Kar ɗana ya ji. A gadon asibiti babansa ya rasu, har yau bai dawo daidai ba."

Na yi mata alkawari, ita ma ta yi min na ganin likita.

Ya daina kirana. Wallahi na sha kuka, na kuma ji haushinsa, mutum sai shegen taurin kai! Amma duk ranar asibitinta ni ke riƙe mata jaka, ni ke warware mata maganar likita.

Ranar tiyata da kanta ta kira shi. Ya shigo a firgice, ya tarar ina gyara mata filo.

"Tun yaushe...?"

"Tun kafin ka je ka yi mata ihu," in ji Umma. "Ta gwammace ta rasa ka da ta tona min asiri."

Ya durƙusa, hawaye na zuba. "Abar ƙaunata, ki yafe min..."

Ma'aikatan jinya suka iso. Umma ta damƙe hannuna, ta dube shi.

"Ko na fito ko ban fito ba, wannan 'yata ce. Kar ka ƙara sa ta kuka."

Aka tura ta ciki, ƙofa ta rufe. Muka zauna a benci, ya juyo ya dube ni.

"Don Allah... ki gaya min abin da za su yi mata."

Na ciro littafin nan mai hotuna, na buɗe masa shafin da na fara buɗe wa Umma.