Kwalbar da Aka Maido Daga Safana

Kwalbar dai ta dawo. Ko kwana uku ba ta yi a Safana ba, sai ga Haliru tsaye da ita a zauren su Sadiqa, ƙulle cikin baƙar leda. Tabarmar da aka shimfiɗa masa bai ko kalla ba, ruwan da ta kawo yana nan a ƙasa kamar ba da shi ake ba. Mutumin da in ya zo Batsari zance sai Gwaggo Tasalla ta yi gyaran murya sau uku kafin ya tashi, yau makullin mashin ne a hannunsa yana ta juyawa.

Sadiqa ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, sai dai Inna, mahaifiyarsa, ta ce a gaya wa kawunnansa kada su zo sa rana ranar Juma'a.

"Saboda me?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ce, "Ta ce turaren gawa kika aika mata."

Wallahi da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta fizge ledar, ta buɗe murfin, ta kai hanci. Ƙamshi ne dai irin wanda ta sani, wardi a gaba, sandal na biye. Ta miƙa masa ta ce ya shinshina da kansa ya faɗi tsakaninsa da Allah. Ya ce ai ya shinshina, a kwalba ba shi da laifi, amma shi da hancinsa ya ji hannun Inna da la'asar, kuma kafur ne zalla, irin wanda ake sa wa mamaci a wankan ƙarshe. Ya ce maƙwabciyarsu Ma'u har ta fara cewa sammu ne, wai yarinyar so take ta share gida kafin ta shigo. Shi bai yarda da wannan ba, amma uwa uwa ce, ba zai tsallake maganarta ba ko da zuciyarsa za ta fashe.

Ya tafi, ta bi ƙarar mashin ɗin da kunne har ta ɓace.

To bari in gaya muku wace ce Sadiqa, don ku san inda abin ya fi yi mata ciwo. Marainiya ce, Gwaggo Tasalla ƙanwar babanta ce ta riƙe ta tun tana rarrafe. Ba wanda ya koya mata haɗa turare, a waya ta riƙa kallo tana gwadawa, ta ɓata madarar turare ta kai kwalba goma kafin hannunta ya faɗa. Yanzu amaren unguwarsu ba mai tarewa sai da 'yar kwalbarta a cikin kaya. Ita ce ke ce wa kwastomominta turare baƙi uku ne: akwai mai sallama ya wuce, akwai mai zama a yi hira, akwai mai kwana. Kada ki saya don mai sallama, in ji ta, shafa a hannu ki je ki gama cefanenki, ki dawo ki gaya mini wa ya rage.

Kuma ta san fata ba ɗaya ba ce. Miski a jikin Haliru sai ya koma kamar madarar da aka tatso yanzu, da ɗuminta. Sandal a jikinta ita kamar ƙasa ce da ruwan fari ya taɓa. Wardi kuwa in ya hau Gwaggo, awa ɗaya ya yi yawa ya juye tsamiya. Akwai ranar da Sammani mahauci ya nace sai ta sayar masa da udu mai tsada, ta ce bai dace da shi ba, ya ƙi ji, washegari matarsa ta aiko wai don Allah me aka ba shi, gidan duk warin babbakar akuya yake.

Mai wannan sanin ce fa aka ce ta aika wa uwar saurayinta turaren gawa.

Kafur ɗin kam ta sa, ba ta musu. Haliru ne ya roƙe ta ta haɗa wa Inna Hansai wani abu na musamman, ya ce tun da suka baro Runka suka tare a Safana take fama da zafi da ciwon kai. Shi ne ta ɗauki ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar dawa ba, ta narkar a ciki don ya riƙa ba tsohuwa sanyi. Ta gwada a hannunta har sau huɗu. Kowane gwaji kafur ɗin ne mai sallama, minti goma ya wuce, ya bar sandal yana hira.

Ranar ba ta ci abinci ba. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta duba waya ko ya turo mesej, ba komai, ta kashe data ta sake kunnawa. Washegari ma haka. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba, sai da Gwaggo ta ji ƙauri ta ce in gidan take son ƙonawa ta bari a fitar da buhun wake tukuna.

A kwana na biyu da hantsi ne abin ya faɗo mata. Ta kalli hannunta, kullum cikin man kaɗanya yake, sumul. Ta kalli na Gwaggo da ke tsintar shinkafa, busasshe, duk jijiya. Sai ta kamo damtsen Gwaggon ta ɗiga mata turaren.

Kafin azahar wardin ya yi tsami ya gudu. Sandal ya ɗan leƙo shi ma ya bi shi, fatar ta shanye su kamar faƙo. Abin da ya rage a tsaye, shi kaɗai, kafur ne.

Gwaggo ta shinshina ta ce, "To madalla, ni ma kin shirya ni. Saura likkafani."

Sadiqa ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Da ƙarya aka yi mata da ta san yadda za ta yi, sai ga shi gaskiyar tsohuwa ce. Dokar da take kafa wa kowa ita ta karya, ta auna turaren wata a fatar kanta. Kuma ta san dalili: kunya. Ina ita ina kama hannun uwar saurayi?

Da ta share hawaye ta ce za ta Safana. Gwaggo ta ce ba a gidan nan ba, yarinya ba ta taka gidan surukai sai an kai ta a lulluɓe, so take a ce tarbiyyar Tasalla ce ta kai kanta? Sadiqa ta ce ita ba a matsayin budurwar Haliru za ta ba, mai turare ce da ta ɓata wa mutum kaya, kuma ko auren ya fasu ba za ta iya zama wata baiwar Allah na kwana da tunanin an yi mata fatan mutuwa ba. Gwaggo ta yi tsaki, ta ce a ɗauko mata mayafinta mai ruwan ƙasa a wanke, don ba za ta bar ta ta je ita kaɗai ta ƙara ɓata lamarin ba.

Sassafe suka shiga mota. Direban ya ja kunnen kowa, ana sallar la'asar zai juyo, wanda bai gani ba ya nemi wurin kwana, don hanyar nan ba a wasa da yammacinta.

Sun iske Inna Hansai a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Gaisuwa dai an yi ta yadda ta kamata, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi damina da iyali da dabbobi, amma Inna duk da Gwaggo take yi, ko inda Sadiqa ta durƙusa ba ta kalla ba. Sai da gaisuwar ta ƙare kakaf sannan ta ce, idonta na kan gyaɗar:

"Ɗiyar nan, mi na yi miki?"

Inna Hansai ta ci gaba a hankali. Ta ce shekara ashirin ke nan ita ke wankan gawar mata, tun suna Runka, ko cikin turare ɗari aka ɓoye kafur hancinta zai tsamo shi. Ta ce bara da kaka ta wanke ɗiyarta Hassana, ƙanwar Haliru, da hannayen nan biyu, wajen haihuwa ta tafi. Ranar da kwalbar ta zo ta yi murna, ta shafa ta shiga mutane, yamma na yi sai ta ji kanta tana ƙamshin Hassana ranar da aka fita da ita.

Sadiqa ta san Hassana ta rasu, amma Haliru bai taɓa gaya mata wa ya yi wankan ba. Duk bayanin da ta tsaro a mota, na ciwon kai da sanyi da bushewar fata, sai ta ji ba shi da wurin zama. Cewa kawai ta yi laifinta ne, ta gwada a jikinta ba ta gwada a jikin mai shi ba, a yafe mata. Sannan ta ce abu ɗaya take roƙo, a ara mata hannu zuwa la'asar.

Inna Hansai ta ce hannunta na aiki. Gwaggo ta ce haba Hansai, ni da aka gwada a kaina ga ni nan da raina, har tuwo na ci. Tsohuwa ta so ta yi dariya ta danne. Can dai ta miƙo hannun ba tare da ta dubi kowa ba, ta ce ai banza ne, alwalar azahar za ta wanke.

Sadiqa ta ce shi ya sa ba a tsintsiyar hannu za ta sa ba. Ta naɗe mata hannun riga sama da gwiwar hannu, inda ruwan alwala ba ya kai wa, ta fara murza man kaɗanya sai da fatar ta yi laushi. Ta fito da 'yan kwalabe uku na sabon haɗi, babu mai kafur a ciki. Ɗigo ɗaya a damtsen dama, ɗaya a na hagu, na ukun a gefen wuya. Ta roƙe ta kada ta shinshina yanzu.

Daga nan sai jira, kuma jira ne fa mai cin rai. Sadiqa ta jawo kwaryar gyaɗa ta kama ɓara. Inuwar darbejiya ta matsa, suka matsa. Ma'u ta leƙo ta katanga wai aron rariya, ta koma ba rariyar. Haliru da ya ji labari ya baro kasuwar wake, yana ta safa da marwa a ƙofar gida, shiga ta gagara, tafiya ta gagara. Aka yi azahar. Aka ci ɗanwake. Sadiqa ta saci kallon waya ta fi sau ashirin. Tun tana ɓarar don kunya har ta manta, gyaɗar da Inna ta ware wa kwana biyu ta ƙare tas. A cikin ɓarar nan ne tsohuwa ta fara magana, ba da kowa ba, tana ba da labarin yadda Hassana ke satar mata ƙuli tana ɓoyewa a ɗankwali.

Ladan na kiran la'asar Gwaggo ta fara tattara mayafi. Sadiqa ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, yanzu Inna za ta iya ji.

Inna Hansai ta kai hanci damtsen dama ta yamutsa fuska, ta ce wannan ya yi tsami kamar bakin Ma'u. Na hagu ta ce babu kowa a gidan, ya tafi. Sai ta shafo wuyanta da yatsa ta kai hanci. Sandal ne da miski da ɗan kanumfari. Ta sake shafowa.

"Wanga," ta ce, "kamar rumbuna na Runka in an buɗe shi da safe."

Ta goge ido da bakin zane, ta ɗaga murya ta kira Haliru, ya shigo kamar an jefo shi. Ta ce ya ɗauki baƙi a mashin ya kai su tasha kada mota ta tashi, in ya dawo ya biya ya gaya wa kawunnansa Juma'a na nan inda take.

Sadiqa ta sunkuyar da kai tana tattara kwalabenta, hawaye na ɗiga a kan leda. Har ta ɗauki waccan ta farko, mai kafur ɗin, da ta zo da ita da niyyar zubarwa a gaban tsohuwa, sai Inna Hansai ta riƙe mata hannu.

"Bar mini wagga. Waɗanda nake wankewa su ma mata ne, suna son ƙamshi mai kyau."

An sa rana, an yi biki bayan an kai amfanin gona gida. Har yau in aka yi rasuwar mace a unguwar, Sadiqa ce ke haɗa 'yar kwalba ta miƙa wa Inna, ba ta karɓar ko sisi.

Ni dai abin da na tsinta a labarin nan, alheri ma in ka auna shi a jikinka kaɗai yana iya zama ciwo a jikin wani, kuma mutum kamar turare ne, ba a yanke masa hukunci a bakin kwalba, sai an zauna da shi rana ta juya. Sadiqa ta haɗiye kunya da hujjarta, ta yi haƙurin wuni ɗaya, ta samu miji ta samu uwa. To ke da kike karantawa, da ke aka maido wa kwalbar nan, Safana za ki nufa, ko sitatus za ki hau ki ce dangin miji ba su da godiya?