Muryar da Yaya Ya Sa a Taken Rediyo

"To me kake so, in ba jini ba?" Yaya ya tambaya.

"Murya," in ji boka. "Ai ku sana'arku ke nan. Kawo min muryar da ta taɓa yi maka magana da ƙauna."

Tsakar rana ce, amma ɗakin duhu ɗulum. A bayan shagon wani mai gyaran rediyo yake, an jera matattun rediyoyi tun daga ƙasa har rufi, ba batir, ba waya, amma dukansu suna wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar masu jinya. A tsakiya akwai baƙar tukunya naɗe da jan ƙyalle, an rufe bakinta da fatar tsohuwar lasifika, fatar tana hawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci.

Yaya dai yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai ƙaramin gidan rediyon da nake karanta labarai a ciki. Da waƙoƙin soyayya da shirin gaishe-gaishe muka yi suna. Sai wani sabon gida ya buɗe a tsallaken titi, ba abin da yake sakawa sai gambarar zamani, wadda yara ke cewa hip-hop. Masu tasi suka murɗa akwatinsu can, masu talla suka bi su. Yaya ya kori shirye-shiryenmu ya koma gambara shi ma, ya ɗauko mai haɗa kiɗa, har hula ya fara juyawa baya, Anti matarsa tana tsokanarsa wai tsufa ya zo masa da ƙuruciya. Duk a banza. Wayar sitidiyo ta yi tsit.

"Muryar kaset ma ta yi?" Yaya ya ce.

"Ita nake nufi. Ka tsoma kaset ɗin a tukunya, ka ciro, ka yanki muryar ka ɗora a kan kiɗa ta zama taken gidanka. Duk kunnen da ya ji ba zai koma wani wuri ba."

"Mai muryar fa?"

"Ka zo neman masu sauraro ne ko ka zo duba lafiyar mutane?" Boka ya yi murmushi. "Sharaɗi ɗaya. Kiɗanku na yayi ne. Duk sanda yayi ya juya, ka sa sabuwar murya. In ka bar taken ba kowa, tukunya za ta zaɓa da kanta, kuma ƙarami take fara dubawa."

Yaya yana da wani kaset da ko ni ba ya bari in taɓa. Anti ta waya ya fara saninta, tana cikin masu bugowa shirin gaishe-gaishe. Ranar farko kunya ta hana ta gaida kowa, ta ce kawai, "Ina sauraronka," ta kashe. Na sha cewa in ba irin wannan soyayyar ba, ba zan yi aure ba. Kaset ɗin da ya naɗi wannan kiran nata shi ya tsoma.

Mai haɗa kiɗa ya yanko kalmomin biyu, ya ɗora su a kan kiɗa mai dukan ƙirji, suna maimaituwa. Gari ya ɗauka. A shagon aski, a tasha, a wayar 'yan makaranta, ko'ina ina sauraronka, ina sauraronka. Masu talla suka yi layi a barandarmu. Yaya ya sayi bene da mota, ya sa kujerun fata a ofis. Anti tana rufe fuska tana dariya, tana cewa, "Oga, ka tona min asiri a gari."

Sai kalmomi suka fara zube mata. Ta nemi sunan cokali ta rasa. Ta kalli 'yarta, wadda muke kira Aku saboda surutu, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Likitoci suka duba maƙogwaro, suka duba kai, ba su ga komai ba. A ƙarshe kalma biyu suka rage mata. Ko yunwa take ji, ko ciwo, ko Aku ce ta faɗi ta fasa gwiwa, sai ta zaro ido hawaye na zuba ta ce, "Ina sauraronka." Da su a bakinta ta rasu. Muna hanyar kai ta makwancinta wata tasi ta wuce tana kwarara taken, na ga wani saurayi cikin masu rakiya yana kaɗa kai bai sani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yayi ya juya, kiɗa ya ƙara sauri, Yaya ya fito da sabon take. Muryar Baba ce, ranar da aka buɗe gidan, ya dafa kansa yana cewa, "Allah ya yi maka albarka." Yanzu Baba yana ɗakin baya, mun sa sakata ta waje. Bango yake sa wa albarka, da bokiti, da kyankyaso, ba tsayawa, muryarsa ta dushe har kumfa na fita. Baƙi in sun zo sai mu ƙure talabijin.

Duk da haka ban gane ba, sai wata safiya da na shiga falo na tarar da Yaya a tsugune gaban Aku, ya kunna naɗar murya a wayarsa.

"Yi wa Abba dariyar nan taki, 'yar albarka."

Zufa ta jiƙa masa riga. Na dubi wayar, na jiyo Baba ta bayan ƙofa, sai na gane. Na fizge wayar na tura Aku kicin.

"Yaya, me ka yi?"

Bai iya kallona ba. Kansa a ƙasa ya faɗa min komai, tun daga shagon mai gyara.

Daga ranar ya bar taken ba kowa a ciki, duk waƙar da aka saka a gidan rediyonmu sai muryar Anti ta ratso ta tana kuka. Ma'aikata suka gudu, masu talla suka janye, aka zo aka kwashe kujerun fatar. Yaya ya koma shagon mai gyara, ya tarar da bango a inda ƙofar ɗakin boka take. Ni dai na ga ƙarshen kwaɗayi da idona. Duk wanda ya je wurin boka neman duniya, ya sani abin da ya fi so za a karɓa, kuma da hannunsa zai miƙa. Gara gidan rediyonka ya mutu ka koma sayar da batir a bakin titi, kana jin ana kiran sunanka a gida.

Jiya Aku ta nuna kofi ta ce, "Gwaggo, ba ni... ba ni..." ta tsaya tana lalube.

Yaya ya miƙe ya ja hannuna har sitidiyo. Ba kowa sai ƙura da makirufo ɗaya.

"Yaya, tuba za ka yi, mu duƙufa da addu'a."

"Na tuba, kuma ku yi ta yi min. Amma taken ba kowa a ciki, ba zan yi gwaji da maƙogwaron 'yata ba." Ya zauna ya jawo makirufo. "Kunna, ƙanwata. Muryata zan sa. Tunda abin da na faɗa shi kaɗai zai rage min, na zaɓa. Ku yafe min."