Talata a Kantin Kangas

Direban motar share hanya ne ya tsince ta ranar Talata da la'asar, a bakin tafki. Brynn Pelkey ce, 'yar shekara goma sha shida, kwance cikin dusar ƙanƙara kamar wadda barci ya sace a gadonta, takalmi ɗaya babu. Kusa da ita akwai kwalbar barasa mai zaƙi, saura kaɗan a ciki.

Sufeto Marlys Hovland ta juya kwalbar. A gindinta an manna farashi da koren biro. Kanti ɗaya ne a garin ke rubuta farashi da hannu.

Washegari hukumar gari ta sa ranar Laraba mai zuwa don duba lasisin giya na kantin Kangas. In ta tabbata sun sayar wa wadda ba ta kai shekara ashirin da ɗaya ba, za a ƙwace shi. Kowa kuma ya san giyar masunta ce ke riƙe da kantin. Babu lasisi, babu kanti.

Delores Kangas, tsohuwa mai saurin hannu, ta tarbi Sufeto da kofi. Ta ce ita kaɗai ke tsayawa bayan kantar sayarwa, mijinta Arvid kaya kawai yake jerawa. Kyamara kuwa ta lalace tun watan jiya.

"Ko limamin cocinmu ne sai ya nuna mini katin shaida, 'yata," in ji ta.

A bango akwai kalanda, an zagaye kowace Talata, an rubuta ɗaya da rabi. Delores ta ce ranar fitar da shara ce. Sufeto ta shanye kofinta ta yi godiya. Ranar Juma'a ake kwashe shara a garin.

A asibiti, mahaifiyar yarinyar, Renae, na zaune riƙe da ƙafar 'yarta cikin bandeji. Likita bai yanke magana kan yatsu biyu ba tukuna. Brynn ta ce tsintar kwalbar ta yi a bukkar masunta. Sufeto ba ta musa ba. Idonta na kan rigar da aka rataya a kujera, tsohuwar rigar ƙwallon makaranta ce, an ɗinka "Renae" a ƙirjinta.

"Wannan ai shekara ashirin tana cikin akwati," Renae ta ce. "Me ya kai ki gare ta, ke da kike cewa kayana na tsofaffi ne?"

Brynn ta juya kai tana kallon taga.

Da Talata ta zagayo, Sufeto ta ajiye motarta nesa da kantin. Ƙarfe ɗaya da rabi Delores ta fito da jakar asibiti, ta ja mota ta nufi birni.

Cikin kantin shiru, sai rediyo na wani tsohon kiɗan rawa ƙasa-ƙasa. Hasken ƙanƙara ya shigo ta gilashi ya kwanta kan kwalabe, komai ya yi fari-fari kamar hoton da ya daɗe a rana. Arvid na tsaye bayan kanta, gashi a taje, fuska cike da fara'a.

Sufeto ta tambaye shi ko wa ya shigo Talatar da ta wuce.

"Renae mana! Ja'irar yarinya. Ta sayi mai zaƙin nan, na ce ko ta shagalin biki ce, ta yi dariya. Watan gobe za ta yi aure, ba ki ji ba?"

"Ka nemi katinta, Baba Arvid?"

"Kati? Yarinyar da na san shekarunta tun tana rarrafe? Ashirin da biyu ta cika bana."

Ya ci gaba da lissafa baƙinsa na Talata yana murmushi. Ya ce Duane Lahti ma ba ya fashi, da jar hularsa, kullum sai ya yi masa tsiya kan kifin da bai kama ba. Sufeto ta sauke kai. Shekara tara ke nan da aka binne Duane. Ɗansa mai shekara sha biyar ne ke sa hular yanzu.

Ta ja kujera ta zauna. Arvid ya ba ta labarin jirgin ruwan da ke kawo garin alkama daga tsallaken tafki, da dawakan da ke jan itace kan ƙanƙara, kamar da safiyar nan ya gan su. Sau biyu wasu samari suka leƙo cikin manyan riguna da ba nasu ba, suka hango ta, suka juya.

Ƙarfe huɗu Delores ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa, jakar ta zame daga kafaɗarta.

Ba ta jira tambaya ba. Ta ce shekara biyu ke nan likita ya gaya mata ciwon mantuwa ne ke damun Arvid. A gida Arvid kuka yake yana neman mahaifiyarsa, amma da ya tsaya bayan kantar nan sai ya dawo mutum. Ita kuma dole ta je duba zuciyarta kowace Talata. Ta ga yaran a kyamara suna sayen giya cikin kayan iyayensu, ita ta goge komai ta zare wayar.

"Tun yaushe kike ganinsu?"

"Tun faɗuwar ganye. Na ce giya ɗaya biyu, me za ta yi musu?"

"Jiya aka yanke wa Brynn yatsu biyu, Mama Delores."

Tsohuwar ta dafa kantar. Sannan ta hau kujera, ta sauke lasisin daga bango, ta miƙa wa Sufeto da gilashinsa. Ta ce ba sai hukuma ta wahalar da kanta gobe ba. Ta kulle firjin giya, ta kira ƙanwarta ta zo ta zauna da Arvid.

Sufeto ta gaya mata laifin ɓoye shaida ne, sai sun je ofis. Ta riƙe mata hannu saboda santsi har bakin mota.

Arvid ya fito ƙofa ba hula, ƙanƙara na sauka a gashinsa.

"In kin ga Renae," ya ce, "ki ce Allah ya sa albarka a auren."

Sufeto ta dubi Delores, Delores ta runtse ido.

"Zan gaya mata, Baba. Koma ciki, akwai sanyi."