Farin Garin da ke Cikin Madara

Kwana huɗu ke nan da zuwan Umma gidan autanta, kuma kwana huɗu ke nan tana jin ƙarar blenda da ƙarfe goma da rabi na dare. Aikin ido aka yi mata, likita ya hana ta girki da sunkuyo har wata guda, shi ya sa Auta ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke kallon kicin. Auta mai walda ne, wata bakwai da aurensa. Matarsa kuwa a firamare take koyarwa, kowa Malama yake ce mata.

A daren Umma ta lallaɓa ta tura ƙofa kaɗan. Da idonta mai lafiya ta hango surukarta ta taka kujera, ta zaro wata baƙar roba daga bayan tukwane. Ta ɗebo farin gari cokali biyu ta zuba a madara, ta yanka ayaba, ta kunna blenda. Kafin ta mayar da robar sai da ta waiga hagu da dama.

Umma ta ja ƙofa ta koma gado. Gari ya ƙi waye mata, da asuba ta kira babbar 'yarta, wadda duk gidan ke kira Yaya.

Kafin azahar Yaya ta iso, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ai na faɗa miki tun farko, Umma! Wannan shiru-shirun nata bai taɓa kwanta mini ba. Ke ba ki lura ba? Rannan na kawo masa soyayyar kaza, yaron da yake lashe kwano, wai ya ƙoshi! Shinkafa ma sai ta ɗora a sikeli take ba shi, kamar mai sayar da gwal."

"Kuma kullum sai magariba ta wuce yake shigowa, a gajiye liƙis," in ji Umma. "In na tambaya, sai ya dube ta kafin ya ba ni amsa."

"To kin gani! An gama da shi. Me ya rage?"

Abin da ba su sani ba, Auta ya koma ɗaga ƙarfe. Shekara biyu da suka wuce ƙarfen ya kuɓuce masa a jim, wurin motsa jiki, ya daki kafaɗarsa, ya yi sati uku a gadon asibiti. A bakin gadon Umma ta sa shi ya yi mata alkawarin ya bar abin har abada. Ya daure shekara ɗaya da rabi, sannan ya koma a ɓoye, har ya ba da sunansa a gasar masu gina jiki da saura sati biyar. Kocinsa ne ya tsara masa abinci: ƙwai da safe, shinkafa da kaza a aune da rana, sai madara da garin furotin dab da kwanciya, wai don jiki ya samu abin gina tsoka yana barci.

Da daddare Malama ta miƙa masa kofin ta zauna a gefen gado.

"Masoyi, filis ka gaya wa Umma. Wallahi kallon da take yi mini yau har ƙafata sai da ta harɗe."

"Sati biyar kacal, Malamata. In ta ji yanzu hawan jininta zai tashi, ga ɗinki a ido. Kin yi mini alkawari fa."

"Na yi, kuma zan riƙe. Amma ga wani abu. Tun da kocinka ya ƙara maka madarar nan zuwa kofi biyu, cikinka ke kuka duk dare kamar tsohon janareto. Mu rage mana."

Ya yi dariya ya shanye. "Tsoka ce ke ginuwa, ke dai ba ki san kan abin ba."

Kwana uku bayan haka, wajen ƙarfe ɗaya na dare, Auta ya farka yana murƙususu. Ciki ya kumbura tam, zufa ta jiƙa masa riga, sai zarya yake yi tsakanin gado da banɗaki. Maƙwabcinsu direba ya kai shi asibiti, aka sa masa ruwa. Malama ta kwana a tsaye a kansa, da safe ta dawo gida ɗaukar masa kaya.

A falo ta tarar da su. Baƙar robar tana kan tebur, Yaya ta dafe ta da hannu.

"Zo nan, munafuka! Mene ne wannan?"

Malama ta dubi robar. Tun ranar da aka sayo ta Auta ya ɓare takardar jikinta don kada Umma ta ga hoton ƙaton da ke kai.

"Yaya, ba abin cutarwa ba ne. Kayan abinci ne."

"Kayan abinci a bayan tukwane? Wa ya ba ki? Gidan wane boka kika je?"

"Yarinya," in ji Umma, "ni ban taɓa ɗaga miki murya ba. Dubi idona ki gaya mini abin da kike ba ɗana."

Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta. Ta zo mata har baki. Sai ta dubi bandejin da ke idon tsohuwar, ta tuna alkawarin da ta ɗauka. Hawaye suka zubo mata.

"Umma, ki yi haƙuri, shi ya kamata ya faɗa miki. Ki tambaye shi."

"Kin ji ko!" Yaya ta tafa hannu. "Ta san ta ɗaure masa baki, shi ya sa!"

Umma ta juya mata baya. "Ki tattara kayanki ki tafi gidanku. In ɗana ya tashi, zai zaɓa, ko ni ko ke."

Malama ta shiga ɗaki. Ta ninke wa mijinta riga biyu da tawul, ta haɗa da burushinsa, ta ajiye jakar a gaban Yaya. Sannan ta ɗauki 'yar jakarta ta fita tana share fuska.

Da hantsi Umma da Yaya suka isa asibiti da robar a leda. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, tana duba Auta lokacin da Yaya ta dangwara mata ita.

"Likita, ga gubar da matarsa ke ba shi. A auna!"

Likita ta buɗe, ta shinshina, ta murza garin a yatsa. Ta dubi damatsan Auta ta saman tabarau.

"Za mu auna in kuna so. Amma wannan ya yi kama da garin furotin na masu ɗaga ƙarfe. Malam, madara nawa kake sha kafin ka kwanta?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Kofi biyu manya."

"To ga ciwonka nan. Akwai mutanen da cikinsu ba ya narkar da madara da yawa, kai kuma ka dinga ɗura ta kana kwanciya a kai. Matarka ta gaya mini jiya cewa ta roƙe ka ka rage. Da ka ji maganarta da ba ka kwana a nan ba."

Umma ce ta fara magana, a hankali.

"Masu ɗaga me?"

"Umma…" Auta ya duba bayansu. "Ina Malama?"

"Na kore ta."

Ya yunƙura zai tashi har robar ruwan ta girgiza. "Kin kore ta? Innalillahi! Umma, ni ne mai laifi! Ni na koma jim, ni na sayo garin, ni na ce ta ɓoye. Kullum sai ta ce in gaya miki, ni na hana ta!"

Umma ta nemi kujera ta zauna.

"Aka kira ta munafuka a gabana," ta ce. "Aka haɗa ta da boka. Tana kuka, amma ba ta tona maka asiri ba. Kai kuma ƙato da kai, duk wannan ƙirjin, ka rasa ƙarfin gaya wa uwarka gaskiya, ka bar 'yar mutane ta ɗaukar maka kaya!"

Yaya ta soma, "Ai ni ma dai Umma, yadda abin ya…"

"Rufe mini baki! Tashi ki nemo mota."

A tsakar gidan iyayen Malama suka same ta tana duba littattafan ɗalibanta, ido a kumbure. Ko mahaifiyarta ba ta gaya wa dalilin zuwanta ba, cewa ta yi ta zo gaisuwa. Tana ganin Umma ta durƙusa, Umma ta kamo ta ta ɗaga.

"'Yata, ni ce zan durƙusa miki, likita ne ya hana ni sunkuyo. Ki yafe mini."

"Haba Umma, wallahi ban riƙe ki ba. Ya jikin nasa?"

Yaya ta matso tana murza gefen mayafi. "Sori, ƙanwata. Bakin nan nawa ne ya ja."

Da yamma aka sallami Auta. A gaban kowa ya roƙi matarsa gafara, sannan ya ce wa Umma in ta ce ya bar gasar, ya bari. Umma ta ce sai likitan ƙashi ya duba kafaɗar tukuna, in ya yarda ita ma ta yarda, da sharaɗin abincinsa ya koma hannun Malama da likita. Aka musanya masa madarar dare da ɗan yogot, cikin ya lafa. Likitan ƙashi ya duba kafaɗar ya amince. Ranar gasa Auta ya zo na uku, ya sauko daga dandamali ya rataya wa matarsa lambar a wuya. Daga wannan shekarar, duk shawarar da ta taso a dangin, Umma ba ta yanke ta sai ta ce, "A kira mini 'yata tukuna."

Ɓoye gaskiya don gudun ɓacin ran iyaye ba ya hana ɓacin ran, sai dai ya jawo wanda bai ji ba bai gani ba ya sha wahalarsa. Zargi kuma yana iya rusa gida a safiya ɗaya, in ba a tsaya an bincika ba. Malama ta riƙe amana, ta riƙe harshenta a ranar da ake zaginta, Allah kuwa ya wanke ta, ya ƙara mata daraja a idon waɗanda suka zarge ta.