Sankara a Huhu Arba'in

Ranar Laraba da hantsi, shekarar 1924, aka kawo ƙara caji ofis: huhun goro arba'in na Alhaji Rafi'u, attajirin unguwar Alabar, sun ruɓe a tashar jirgin ƙasa kafin a loda su.

Ko da Sufeto Talle ya isa rumfar goron, ya tarar an riga an yanke hukunci. Kurtun ɗan sanda ya sa wa wani ƙato mai suna Kimba ankwa, Alhaji kuwa sai huci yake yi.

"Ga ɓarawon zaman lafiyata nan, Kimba! Ka tafi da shi, ya ruɓe a kurkuku kamar yadda gorona ya ruɓe."

"Ni bai taɓa shi ba!" Kimba ya daka tsawa da Hausarsa ta Zabarmawa. "Wallahi ko gaban Gwamna ni faɗi haka!"

"Alhaji, goron naka ne, binciken nawa ne," in ji Sufeto. "Ba inda za shi tukuna."

Ya sa aka kwance huhu uku. A tsakiyar kowanne akwai goro guda biyar masu sankara, tsutsar nan da in ta shiga huhu sai ta gama da shi. An jera su tsaf, an lulluɓe da ganyen fita. Sufeto ya daɗe yana duban igiyar. Kai, ɗaurin ya yi kyau har ya ba shi haushi.

Ya fara da Amidu, shugaban aiki, mai babbar riga da ƙamshin turare.

"Wa ya ɗaure waɗannan?"

"Ni da hannuna, ranka ya daɗe. Duk abin da ya fita rumfar nan aikina ne, Alhaji ya sani."

"Wa ya ce Kimba ne?"

"Ni na ji shi yana cewa sai ya ga bayan rumfar nan."

Sufeto ya dubi tafin hannun Amidu. Sumul, ba kanta ko ɗaya.

Sai Hajo, dattijuwa mai tsince goro. Tun kafin a tambaye ta ta fara roƙo.

"Ɗana, a bar maganar nan a gida mana. Kimba baki ne kawai. Kullum sai ya ga bayan wani, amma ko kaza bai taɓa yankawa ba."

"Inna, goron da kika tsince mai sankara, ina ake kai shi?"

"Baba Seini ke binne shi a rami bayan rumfa. Ai ba a barinsa ya kwana kusa da mai kyau."

Da Sufeto ya leƙa ramin, wayam yake, ciyawa har ta fara tsirowa a bakinsa.

Sufeto ya yi shekara ashirin yana shiga rumfunan mutane, kuma duk inda ake aikin taro fuskokin ba sa canzawa. Akwai mai hayaniya, wanda kowa ke tsoro a banza. Akwai mai kai wa maigida labari ya karɓo yabo. Akwai mai ba da haƙuri ko gida na ci da wuta. Sannan akwai wani da ba a ma tunawa a gaishe shi. Shi ne yake nema, ya kuwa same shi a lungu yana murza igiya, tsoho siriri, Baba Seini.

"Baba, me ka sani?"

"Ban san komai ba. Shara nake yi."

Sufeto bai ja da shi ba. Ya koma tsakar rumfa ya sa aka kawo goro da kwando da ganye da igiya.

"Amidu, ɗaure mana huhu ɗaya mu gani."

"Yanzu? Ai ranka ya daɗe, bayana ke..."

"Yanzu."

Wayyo, abin kunya! Ganye ya zame, goro ya watse, igiya ta harɗe masa a yatsa. Kimba ya tuntsire da dariya da ankwarsa. Amidu ya yi wani ƙulli kamar na ɗaurin akuya, ya miƙe yana share gumi.

Sufeto ba Amidu yake kallo ba. Seini ya kau da kai sau ɗaya, sau biyu. A na uku ya kasa. Ya taso ya ture Amidu, ya warware, ya shimfiɗa ganye, ya ja igiya ya murɗa ya soke bakinta ta ƙasa. Sufeto ya jawo ruɓaɓɓen huhu ya ajiye kusa da sabon. Ɗaurin iri ɗaya ne sak.

"Baba, mai shara ya iya wannan?"

Seini ya miƙe, bai sunkuyar da kai ba.

"Ni na sa sankarar. Kwana tara ina tara ta. Ku sake Kimba, ba ruwansa."

"Seini!" Alhaji ya dafe ƙirji. "Me na yi maka?"

"Shekara goma sha tara, Alhaji. Duk huhun da aka yaba maka daga nan har Ikko, hannun nan ne. Da Sallah ka tara mutane ka yafa wa Amidu riga, ka ce shi ne albarkar rumfarka. Ni kuma ka ce, 'Kai tsoho, matsa, kana tare hanya.' To, na ce bari ka ga abin da tsoho ya iya."

"Kuma ka yi shiru aka kama wani," in ji Sufeto.

"Wannan kam na ji kunyarsa. Sauran ban yi nadama ba."

Kurtu ya cire ankwar daga hannun Kimba. Kimba ya riƙe hannun tsohon, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, da ka faɗa mini, da ni na yi maka ihun."

Aka sa wa Seini ankwa. Sun kai bakin ƙofa sai ga Alhaji ya biyo su da sauri, muryarsa ta yi laushi.

"Sufeto, tsaya. Akwai huhu sittin da za su bi jirgin Juma'a. Ka bar mini shi kwana biyu kacal ya ɗaure, sannan ka tafi da shi."

Sufeto ya dubi Seini. Tsohon ko waiwayowa bai yi ba, ya ce:

"Kana da shugaban aiki, Alhaji. Ya ɗaure."

Seini ya sa ƙafa ya fita, har kurtun na sassarfa kafin ya cim masa.