Makunnin Tsakiya

Da ta ɗage gilashin walda daga fuskarta, ƙafafunsa Biriskila ta fara gani suna rawa. Saurayi ne dogo, ya goyo tukwanen iskar numfashi biyu a haɗe, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa.

"Sannu 'yanmata, Baba Innocent yana nan?"

"Baba ya fita. Ka sauke kayan mana kafin ka mutu mana a shago."

Sunansa Gidiyon, ɗan Rijiyar Lemo, aikinsa nutso a dam ɗin Tiga yana gyaran bututun ƙarƙashin ruwa. Teburin ƙarfe mai naɗewa yake so, wanda zai ɗora tagwayen tukwanen a kai, ya juya baya kawai ya zura hannuwa.

"A da, wa yake ɗora maka?"

"Philomena, abokiyar nutsona."

Kishi ya kama Biriskila, alhali ko lambarsa ba ta karɓa ba tukuna. Ita ta ƙera teburin da hannunta, ta hana kowa taɓawa.

Soyayya ta kama su ba wuya. Kullum da safe saƙonsa ke tashinta: "Tartsatsina, ko a ƙasan ruwa haskenki nake gani." Ita kuma ta mayar: "Kifina, ka dawo min lafiya. Waccan kuma ta riƙa tsayawa nesa."

Da maganar aure ta taso, Baba Innocent ya ce atafau. "Ba zan ba mai kwana a ruwa 'yata ba, ta dawo min da takaba."

Ita kuwa ba ruwan ne ke hana ta barci ba. Hoto ta gani a wayarsa: tukwane na kan teburinta, amma ga Philomena tana ja masa maɗauri a ƙirji, hannunta ɗaya a bayan wuyansa.

"To me amfanin teburin da na ƙona yatsuna a kai?"

"Haba Tartsatsina, dokar aiki ce. Kafin a shiga ruwa kowa sai ya duba ɗan'uwansa."

"Dokar shafa wuya? Ranar Asabar da ni za a je."

Haka aka yi. A bakin dam ita ta buɗe teburin, ta goge tukwanen tas. Sai ta ga wani makunni a tsakaninsu a buɗe. Tun tana ƙarama Baba ke dukan hannunta idan ta bar tukunyar gas a buɗe, don haka ta murɗe shi tam, tana jin daɗin ta gyara sakacin wata.

Philomena ta matso za ta duba shi, Biriskila ta sha gabanta.

"Na riga na duba, Anti. Huta."

"Ƙanwata, ba wasa ake a nan ba. Gidiyon, juyo."

Ya kalli idon masoyiyarsa da ya ciko da ƙwalla, ya ce, "Bar shi kawai Philo, mu je."

Suka nutse. Biriskila na zaune tana hararar kumfa biyu da ke tasowa kusa da juna. Can sai ɗaya ta ɗauke.

Ta miƙe tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. Da suka ɓullo, Philomena ce ke riƙe da shi, yana tari, leɓɓansa sun yi fari.

"Wa ya rufe makunnin tsakiya?" Philomena ta daka tsawa. "Shi ke haɗa tukwanen! Ɗaya ya shanye, ɗayar na cike a bayansa yana shaƙewa. Da ban kai hannu bayan wuyansa na buɗe ba, da gawa za ki kai gidanku Sabon Gari!"

"Laifina ne," in ji Gidiyon da ƙyar. "Ni na hana a duba."

Biriskila ta durƙusa cikin taɓo ta riƙe ƙafar Philomena, tana kuka tana neman gafara.

A gida Baba Innocent ya ji komai, ya dubi 'yarsa.

"Ina ta zargin ruwa, ashe kishinki ne abin tsoro. Kuma har ya ɗauke miki laifin? Ki ce ya turo manyansa. Wanda ya iya da ke, ruwa ba zai gagare shi ba."

An ɗaura auren a cocinsu na Sabon Gari, Philomena ce babbar ƙawar amarya. Wajen hoto ta tsaya gefen ango, sai amarya ta ratsa tsakaninsu da dogon mayafinta, ta raɗa mata:

"Anti, cikin ruwa na bar miki shi, ki duba min shi har sau biyu. A tudu kuwa, matsa."

Dariya ta kusa kayar da Philomena. Baba Innocent ya ɗora hannu a kan ango da amarya.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Duk sanda ya nutse, Allah ya dawo miki da shi."

"Amin," in ji Biriskila, ta fi kowa ɗaga murya.